Ciwon damuwa da cutar MS: wanne ya riga wani, kuma ta yaya ake ƙirgawa?

A shekarar 2003 wani likitan lafiyar ƙwaƙwalwa na jami'ar Calgary a Kanada, Scott Patten, shi da abokan aikinsa suka zauna da bayanan wani babban binciken lafiya da hukumar ƙididdigar ƙasar ta yi a tsakanin jama'a. Mutum 115,071 ne a ciki, 322 daga cikinsu suna da cutar maltiful siklerosis, wadda likitoci ke taƙaitawa da MS. Da aka ƙirga waɗanda ciwon damuwa mai tsanani ya kama cikin wata goma sha biyun da suka wuce, sai aka samu kashi 15.7 cikin ɗari a masu MS, kashi 7.4 a waɗanda ba su da ita, da kashi 9.1 a masu fama da wasu cututtukan na doguwar jinya. Adadin ƙarshen nan ya fi sauran magana. Da a ce zama da ciwon da ba ya warkewa kaɗai ke kawo damuwar, da mai MS bai yi wa sauran majinyata nisa haka ba.

Cewa cututtukan biyu suna tafiya tare, babu mai gardama a kai. Jean-Martin Charcot, wanda ya fara bayyana MS filla-filla a asibitin Salpêtrière na birnin Faris a 1868, tun a lokacin ya lura da sauyin hali a majinyatansa. Rigimar tana kan dalili, kuma shekara kusan arba'in ke nan masana ƙididdiga na gina tsare-tsaren lissafi don warware ta, kowane tsari yana fitowa da amsar da ta ɗan saɓa wa ta ɗan'uwansa. A ganina tushen saɓanin yana can baya, a abin da aka yanke tun kafin a taɓa kwamfuta: wa aka ƙirga, me aka kira damuwa, kuma wace rana aka ɗauka a matsayin ranar da MS ta fara. Ta ƙarshen ita ce ta fi ba da wahala.

Ga wanda bai san cutar ba: jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a ƙwaƙwalwa da laka suna da riga mai maiƙo, mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A MS garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci rigar nan wuri-wuri, ta bar tabo, sai saƙo ya riƙa jinkiri ko ya yanke. Mutum ya wayi gari ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Bayan makonni abin ya lafa, bayan shekara ya ɓullo ta wani gefe. Yawanci tana bayyana tsakanin shekara 20 da 40, mata sun ninka maza, kuma ƙiyasin da ƙungiyar MS ta duniya ta fitar a 2020 ya ce mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita. An fi samunta a arewacin Turai da Kanada da Amurka, shi ya sa kusan duk binciken da zan kawo daga can ya fito.

Tambayar da ake ganin ta fi sauƙi ita ce: masu MS nawa ne ke da ciwon damuwa? Amsar da ta fi yawo a bakin likitoci ita ce rabi. Asalinta bincike ne irin wanda Dessa Sadovnick ta yi a asibitin MS na Vancouver a 1996, inda aka ƙiyasta cewa kusan kashi 50 za su gamu da ciwon aƙalla sau ɗaya kafin su cika shekara 60. Patten ya samu 15.7. A 2017 wasu masu bincike a Holan suka haɗa sakamakon bincike 58, majinyata sama da 87,000, suka fito da kashi 30.5. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sadovnick ta ƙirga tsawon rayuwa a cikin masu zuwa asibitin ƙwararru, Patten ya ƙirga shekara ɗaya a cikin gari, 'yan Holan kuma sun zuba komai a tukunya ɗaya. Da suka tsame abin da ke cikin tukunyar, sai ya rabu biyu: inda aka auna da takardar tambayoyi an samu kusan kashi 35, inda aka bi ƙa'idar tantance cutar an samu kashi 21.

Takardar tambayoyin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Ɗauki PHQ-9, wadda aka wallafa a 2001 kuma ake amfani da ita a duniya. Tambaya tara ce, kowace tana da maki daga sifili zuwa uku, jimilla 27, kuma wanda ya kai goma ana sa shi a layin masu yiwuwar ciwon damuwa. Cikin taran akwai gajiya, akwai matsalar barci, akwai kasa tattara hankali, akwai nauyin jiki wajen motsi ko magana. Duka huɗun MS tana kawo su da kanta. Gajiya ma tana cikin abubuwan da masu cutar suka fi kuka da su. Mace mai MS da za ta ba gajiya uku, barci uku, tattara hankali biyu, nauyin jiki biyu, ta riga ta kai goma ba tare da ta ce ranta ya ɓaci ko sau ɗaya ba. Kama da wane ba wane ba ne. Idan aka zuba irin wannan maki a lissafi aka ga yana hawa tare da tsananin MS, wani ɓangare na alaƙar MS ce kawai aka auna sau biyu.

An yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa. Takardar HADS, wadda Zigmond da Snaith suka tsara a Ingila a 1983 don majinyatan asibiti, da gangan ta bar alamomin jiki a waje, ko da yake abin dariya, akwai tambaya ɗaya a cikinta kan ko mutum yana jin kamar an rage masa sauri, wadda mai MS zai amsa da e ko yana cikin farin ciki. Takardar Aaron Beck mai tambaya 21 ita ma an yi mata gajeren sigar tambaya bakwai saboda wannan dalili. Amma cirewar tana da nata farashi, domin gajiya da rashin barci alamomin ciwon damuwa ne na gaske, kuma wanda ya cire su zai iya rasa majinyacin da ciwon ya fi bayyana a jikinsa. Da aka gwada a Calgary a 2012, cire tambayoyin gajiya da tattara hankali bai sauya aikin PHQ-9 a masu MS da wani abin a zo a gani ba. Wannan ya rage tsoron, amma a matakin jama'a ne. Ga mutum ɗaya da ke gaban likita matsalar tana nan.

Masu aiki da rajistar ƙasa, kamar a Suwidin da Denmak da lardunan Kanada, ba sa raba takarda. Suna duba ko likita ya rubuta lambar ciwon damuwa a fayil, ko an karɓi maganinsa a kantin magani. Nan ma akwai rami biyu. Magunguna irin su amitriptyline da duloxetine na damuwa ne a rajista, amma likitocin jijiyoyi suna rubuta wa masu MS su don raɗaɗin jijiya. Sannan mai MS yana ganin likita sau da yawa a shekara, maƙwabcinsa mai lafiya kuwa zai iya shekara uku bai je ba. Wanda aka fi dubawa shi aka fi samu da abu.

Sai batun ƙofar asibiti. Tun 1946 Joseph Berkson na asibitin Mayo a Amurka ya nuna cewa cututtuka biyu za su iya bayyana kamar suna da alaƙa a cikin majinyatan asibiti ko da ba su da ita a gari, saboda kawai mai cuta biyu ya fi mai ɗaya yawan zuwa. Mai MS mara tsanani, mai kwanciyar hankali, yana gida. Wanda damuwa ta haɗu masa da ita shi ke cika layi. Misali mai nauyi shi ne kashe kai. Wani bincike daga asibitocin MS biyu na Kanada a 1991 ya ba da ninki bakwai da rabi idan aka kwatanta da sauran jama'a, kuma adadin ya daɗe ana maimaita shi. Da aka bi masu MS sama da dubu goma a rajistar Denmak, binciken 2005 ya samu ninki biyu da ɗan kai, haɗarin ya fi yawa a shekarar farko bayan an faɗa wa mutum cutarsa. Ninki biyu ma ba ƙaramin abu ba ne. Amma tazarar da ke tsakanin adadin biyu ta nuna irin tasirin inda aka tsaya aka ƙirga da yadda aka ƙirga.

Yanzu a ce an auna daidai kuma an ƙirga kowa. Abin da mai lissafi ke yi na gaba shi ne daidaitawa. Manomi da ke son sanin amfanin taki ba zai kwatanta gonar fadama da ta tudu ba. Zai nemi gonaki biyu masu ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya. Tsarin lissafi yana yin haka a takarda: ana ba shi shekaru, jinsi, shan taba, ƙiba, matakin ilimi, a ce masa ya kwatanta mutanen da suka yi daidai a waɗannan. Wasu abubuwan dole a daidaita su, domin suna da hannu a ɓangarorin biyu. Mata sun fi maza kamuwa da MS, sun kuma fi su ciwon damuwa. Shan taba yana ƙara haɗarin MS kuma yana tafiya da damuwa. Haka ƙiba a ƙuruciya. Idan ba a cire hannun waɗannan ba, za a ɗora wa MS laifin da ba nata ba.

Amma rasa aiki fa? Ko mutuwar aure, ko komawa keken guragu? Waɗannan ba daga gefe suka shigo ba, su ne gadar da MS ke bi ta kai mutum ga damuwa. Wanda ya daidaita su ya rushe gadar da hannunsa, sannan ya dawo ya ce ya ga alaƙar ta ragu. Gajiya ta fi duka rikici, domin MS tana kawo ta, damuwa ma tana kawo ta, ita kuma tana iya jawo damuwar. Sa ta a lissafi zai iya ƙirƙirar alaƙar da babu ita, ta hanya ɗaya da ƙofar asibitin Berkson. Kwamfuta ba ta san bambancin waɗannan ba. Duk abin da aka ba ta lamba ce. Shi ya sa masu bin tafarkin Judea Pearl, masanin lissafin dalili da sakamako, suke cewa a fara zana kibiyoyi a takarda, wannan na jawo wancan, kafin a lissafa komai. Zanen kuwa ra'ayin mai bincike ne game da yadda cutar take. Bincike biyu za su iya amfani da bayanai ɗaya, su fito da adadi daban, don kawai ɗaya ya ɗauki naƙasa a matsayin gada, ɗayan ya ɗauke ta a matsayin baƙo daga gefe.

Ma'aunin naƙasar ma da nasa labari. EDSS, wanda John Kurtzke ya fitar a 1983, yana tashi daga sifili zuwa goma. Daga huɗu zuwa sama kusan duk a kan tafiya ya dogara: shida mai sanda ne, bakwai mai keke. Hawa daga ɗaya zuwa biyu majinyaci ba lalle ya lura ba, likita ne ke gani a gwaji. Hawa daga shida zuwa bakwai kuwa sauyin rayuwa ne gaba ɗaya. Tsarin lissafin da ya ɗauki matakan nan kamar inci a jikin tef ɗin tela ya riga ya kauce. Kuma ma'aunin bai cika jin raɗaɗi ko gajiya ko mantuwa ba. Idan wani bincike ya ce bai ga alaƙa tsakanin naƙasa da damuwa ba, sau da yawa abin da ya auna shi ne ƙafa. Binciken da aka yi wa mutum 739 a yankin Seattle a 2002 ya ga alaƙar da tsananin cutar, ya kuma ga cewa waɗanda ba su daɗe da ita ba sun fi damuwa, wato layin ba miƙaƙƙe ba ne.

Masu cewa damuwar daga cikin ƙwaƙwalwa take fitowa kai tsaye suna da hujjarsu. Tun 1984 Schiffer da Babigian suka kwatanta masu MS da masu ALS, cutar jijiya da ta fi MS saurin kisa nesa ba kusa ba, suka ga damuwa ta fi yawa a masu MS. A 2004 Anthony Feinstein na jami'ar Toronto ya ɗauki hoton MRI na masu MS 21 da ke da ciwon damuwa da 19 da ba su da shi. Masu damuwar sun fi yawan tabo a ƙasan gaban ƙwaƙwalwa ta hagu, tare da ƙanƙancewar wani sashe da ke wajen kunnen hagu, kuma lissafin ya ce waɗannan sun bayyana kashi 42 na bambancin da ke tsakanin majinyatan. Adadin ya yi farin jini. Ni dai ina karanta shi da taka-tsantsan, domin mutum arba'in ne, sassan ƙwaƙwalwar da za a iya aunawa kuwa suna da yawa. Tsarin da aka ba damar zaɓar mafi dacewa daga abubuwa masu yawa a mutane kaɗan yakan ɗinka riga daidai jikin waɗannan mutanen, a kai ta wani asibiti ta ƙi shiga. Sannan kalmar "bayyana" a bakin masu ƙididdiga ba ta nufin "jawo". Duk da haka binciken hoto da suka biyo baya sun ci gaba da nuna sassan gaban ƙwaƙwalwa da hanyoyin da ke haɗa su da cibiyoyin yanayin zuciya, don haka akwai ƙamshin gaskiya a batun.

Magani ma an taɓa zarginsa. Da aka amince da allurar interferon beta a Amurka a 1993, rahotannin damuwa suka biyo baya, har aka sa gargaɗi a takardar maganin. Da Patten da Luanne Metz suka koma bayanan gwajin PRISMS, inda ƙuri'a ce ta raba wanda ya samu allurar da wanda ya samu ta bogi, ba su ga bambanci a makin damuwa ba. Ana fara allurar ne daidai lokacin da aka faɗa wa mutum cutarsa ko ta taso masa, lokacin da dama zuciya ta fi karaya. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Wannan ya kawo mu ga lokaci, inda nake ganin zuciyar maganar take. Hoto na rana ɗaya ba ya nuna wanda ya riga wani, don haka aka koma bin mutane shekara da shekaru, yawanci da tsarin da David Cox ya kawo a 1972, wanda ke kwatanta saurin da rukuni biyu ke kaiwa wani mataki. A 2019 Stefanie Binzer da abokanta a cibiyar Karolinska ta birnin Stockholm suka bi masu MS 5,875 a Suwidin. Waɗanda ke da ciwon damuwa sun fi saurin hawa matakan naƙasa, haɗarinsu na kaiwa matakin sanda ya kusa ninki biyu. Karatu na farko da zai zo wa mutum shi ne damuwa tana ƙara rura MS, kuma hanyoyin a bayyane suke: mai damuwa yakan yi sakaci da magani, ya ƙara shan taba, ya bar motsa jiki. Amma akwai karatu na biyu da ya dace da adadin daidai wa daida. Wataƙila cutar ce ke ci a ɓoye, ta fara nuna kanta a yanayin zuciya kafin ta sauko ƙafa. A karatun farko damuwa ita ce mai hura wutar, a na biyu hayaƙi ce. Tsarin Cox yana ba da lamba ɗaya ga duka biyun.

Abin da ya ƙara wa karatu na biyu ƙarfi ya fito daga Kanada. A 2017 ƙungiyar Helen Tremlett ta jami'ar British Columbia ta duba fayilolin masu MS 14,428 a larduna huɗu, ta koma baya shekara biyar kafin alamar farko da likitan jijiya zai gane. A duk shekarun nan sun fi sa'o'insu kwanciya asibiti, ganin likita da karɓar magani, kuma abin yana ƙaruwa yayin da ranar ke matsowa. A 2023 ƙungiyar ta duba lafiyar ƙwaƙwalwa kaɗai a British Columbia: kashi 28 na waɗanda daga baya suka kamu da MS sun riga sun nemi taimako a kan irin waɗannan matsaloli cikin shekaru biyar ɗin, a kan kashi 14.9 na sauran. Daga wani gefen kuma, masu bincike na Harvard ƙarƙashin Alberto Ascherio sun yi amfani da jinin sojojin Amurka da ake adanawa. A 2020 suka nuna cewa wani sinadari da ke zuba cikin jini idan jijiya ta lalace ya riga ya hau kimanin shekara shida kafin alamar farko. A 2022, daga sojoji sama da miliyan goma, suka nuna haɗarin MS yana ninkawa sau 32 bayan kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr.

Ma'anar wannan ga mai lissafi mai nauyi ce. Kowane tsari na bin lokaci yana buƙatar ranar farawa, kuma ranar da ke fayil, ko ta alamar farko ce ko ta tabbatarwar likita, ta makara da shekaru. Damuwar da aka rubuta a matsayin "kafin MS" tana iya zama bayanta ce. Dabarar da ake yi ita ce a zubar da shekara biyu ko biyar na ƙarshe kafin ranar, a duba ko alaƙar ta tsira. Amma tsawon da za a zubar zaɓin mai bincike ne, kuma in ka zubar da yawa mutanen da suka rage ba za su isa lissafi ba.

Wata likitar jijiyoyi a Kanada, Ruth Ann Marrie, ta ƙara wani zare daga rajistar lardin Manitoba. Ta ga cewa ciwon damuwa yana fara hawa shekaru kafin a tabbatar da cuta a masu MS, haka kuma a masu kumburin hanji da masu amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki. Waɗannan biyun ba sa barin tabo a ƙwaƙwalwa irin na MS. To ko dai kumburin kansa ne ke taɓa yanayin zuciya, abin da ba baƙo ba ne, domin an san allurar interferon alfa da aka yi ta ba masu ciwon hanta nau'in C tana jefa da yawansu cikin ciwon damuwa. Ko kuma wahalar shekaru ce ta jin jiki ba daidai ba, daga wannan likita zuwa wancan, ana ce maka ba a ga komai ba. Rajista ba ta raba waɗannan biyun.

Hanya ta ƙarshe da aka bi don kauce wa matsalar lokaci ita ce ƙwayoyin gado. Hikimar ita ce, abin da mutum ya gada daga iyayensa an raba shi kamar ƙuri'a tun ranar da aka ɗauki cikinsa, kafin taba, kafin ƙiba, kafin kowace cuta. Idan damuwa tana jawo MS, waɗanda suka gaji saurin kamuwa da damuwa ya kamata su ɗan fi kamuwa da MS. Kayan aikin sun samu a 2019: an gano wurare 233 a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da MS daga majinyata sama da 47,000, da wurare 102 masu alaƙa da ciwon damuwa daga mutum sama da 800,000. A 2021 Adil Harroud da abokansa suka yi lissafin ta ɓangarorin biyu, ba su ga shaidar ɗaya yana jawo ɗaya ba; ƙungiyar Binzer ma ta kai ga irin wannan sakamako.

Wasu sun ɗauki wannan kamar ya rushe duk abin da ya gabata, amma sai an lura da tambayar da aka yi. A ɓangaren "damuwa tana jawo MS", sakamakon hujja ce mai kyau cewa ba haka ba ne, kuma ya dace da karatun cewa damuwar farko alamar cutar ce. A ɗaya ɓangaren kuwa, abin da aka auna shi ne gadon yiwuwar kamuwa da MS, kuma mafi yawan masu wannan gado ba sa taɓa kamuwa. Lissafin bai ce komai ba a kan abin da ke faruwa da wadda ta riga ta kamu, tabo ya cika mata ƙwaƙwalwa, aiki ya kuɓuce mata.

Kuma bayanan gadon nan kusan duka na Turawan asali ne. An daɗe ana cewa MS ba ta cika kama baƙar fata ba, sai binciken Annette Langer-Gould a kudancin Kalifoniya a 2013 ya samu sabbin kamuwa sun fi yawa a baƙaƙen Amurka fiye da farare. A ƙasashenmu adadin da ake bayarwa ƙarami ne ƙwarai, amma cuta ce da tabbatar da ita ke buƙatar na'urar MRI da likitan jijiyoyi, biyun kuma ba su wadata ba. Ga kuma harshe: kalmar damuwa a Hausa tana ɗaukar tunanin bashi, da rashin lafiyar ɗa, da ciwon da likita ke nufi, duka a baki ɗaya. Wanda zai ɗauko tsarin da aka gina a Stockholm ya aza a Kano ko Damagaram, sai ya fara daga wannan kalma.

Abin da ke yanke gardama irin wannan shi ne gwaji na ƙuri'a, kuma nan ne kayan suka yi ƙaranci. Wani mai bincike a Amurka, David Mohr, ya yi ɗaya a 2012: masu MS 121, rabi aka koya musu dabarun sarrafa matsin rayuwa na mako 24. A lokacin koyarwar kusan kashi 77 nasu ba su samu sabon tabo mai aiki a hoton MRI ba, a kan kusan kashi 55 na ɗaya rabin da ba a koya wa ba tukuna. Da aka daina, bambancin ya ɓace. Wannan kan matsin rayuwa ne, ba ciwon damuwa kansa ba, amma yana cikin 'yan shaidun da ke nuna kibiya na iya tafiya daga zuciya zuwa jijiya. Gwajin da ya yi tun 2001 kuma ya nuna maganin tattaunawa mai gyara tunani da ƙwayar sertraline duka suna rage damuwar masu MS.

Da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwajen magani, ta tattara gwaje-gwajen da suka kwatanta maganin damuwa da na bogi a masu MS a 2011, biyu kacal ta samu da suka cika sharaɗi, na desipramine a 1990 da na paroxetine a 2008, majinyata 70 gaba ɗaya. Sa wannan kusa da mutum 800,000 na binciken gado. Shi kuwa Mohr, da ya bi masu MS 260 a arewacin Kalifoniya a 2006, ya samu kusan ɗaya cikin huɗu suna da ciwon damuwa mai tsanani, kuma kusan biyu cikin uku na waɗannan ba sa shan wani maganinsa, alhali dukansu suna ƙarƙashin kulawar likitan jijiyoyi.